Daga Tirmini zuwa Juma'ar 2015: Tarzoma da Canjin Siyasa a Tarihin Damagaram

1.0 Gabatarwa

Ran Juma'a 16 ga watan Janairu na shekara ta 2015, bayan an sauko daga masallaci, tarzoma ta ɓarke a birnin Damagaram. An ƙona majami'u, an ƙona makarantar mishan ta Katolika, an ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar tare da ɗakin karatunta, mutum biyar kuma suka rasa rayukansu. Kashegari wutar ta isa Yamai, inda aka ƙara rasa mutum biyar. Abin da ya faru cikin waɗannan kwanaki biyu ya sake tayar da tsofaffin tambayoyi guda biyu. Ta farko, shin akwai halin da zai sa a ce tarzoma ta halatta? Ta biyu, shin tarzoma tana iya canza tafiyar mulki?

Manufar wannan maƙala ita ce a gwada amsa waɗannan tambayoyi da abin da tarihin Damagaram ya ajiye mana. Za mu ba Tirmini muhimmanci, wato garin nan da ke yamma da birni kan hanyar Maraɗi, domin a can ne daular Damagaram ta rasa rundunarta a shekara ta 1899, daga nan kuma hanyoyin da talaka ke bi ya kai kukansa suka canza. Za mu leƙa Kano da Yamai a inda kwatanci ya kama. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa sau da yawa dalilin tarzoma gaskiya ne, amma ana auna halaccinta da wanda dukan ya sauka a kansa. Canji kuwa yakan zo ne idan fushin jama'a yana da buƙata takamaimai, da jagororin da ke iya tsayar da shi.

2.0 Kalmomin da za mu yi aiki da su

Hausa ta rarrabe abubuwan da sau da yawa ake haɗawa wuri ɗaya. Zanga-zanga ita ce fitowar jama'a a fili don nuna ƙin wani abu, ba dole ne a yi ɓarna a cikinta ba. Bore shi ne ƙin bin umurnin wanda ke sama da kai, kamar na soja ga hafsansa ko na talakawa ga mai karɓar haraji. Tawaye ya fi bore nisa, domin yana nufin fita daga ƙarƙashin mulki baki ɗaya, da shugaba da makamai. Tarzoma kuwa, wadda Faransanci ke kira émeute, tashin taron jama'a ce na ɗan gajeren lokaci, mai tafe da ƙone-ƙone da jifa, galibi ba tare da shugaban da aka sani ba.

Wannan rarrabewa tana da amfani saboda hukuma takan kira kowace zanga-zanga tarzoma don ta sami hujjar murƙushe ta, su kuma masu tarzoma sukan ari mutuncin zanga-zanga don su rufe ɓarnarsu. Aikin mai nazarin tarihi shi ne ya ba kowane abu sunansa.

3.0 Kukan talaka kafin Tirmini

Bai kamata mu ɗauki Damagaram ta ƙarni na 19 a matsayin ƙasar da babu zalunci ba. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna a birnin a farkon shekara ta 1851, ya ba da labarin yadda fada ke kai hari garuruwan da ke cikin ƙasarta don kama bayi. Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki mai tsawo daga 1851 zuwa 1884, ya gina ganuwa, ya tara bindigogi da igwa, kuma duk wannan ƙarfi daga gumin talakawa da cinikin bayi ya fito.

Duk da haka mulkin yana da abubuwan da ke taka masa birki. Akwai ƴaƴan sarki masu jiran gado, kamar yadda gwagwarmayar Ibrahim da ɗan'uwansa Tanimu ta nuna, inda sarauta ta yi ta kai da komo tsakaninsu. Akwai Shehun Barno a Kukawa, wanda Damagaram ke kai wa gaisuwa, mai kuma sa baki cikin rigimar sarauta. Akwai malamai masu nasiha. Talaka kuma yana da makaminsa mafi kaifi, wato ƙaura. Idan zalunci ya yi yawa, sai gari ya watse, mutane su koma ƙarƙashin wani sarki, mai mulki ya wayi gari da ƙasa babu masu noma ta. Wannan makami bai mutu da zuwan Nasara ba: a zamanin aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a shekara ta 1946, mutanen kudancin Damagaram sun yi ta tsallaka iyaka zuwa ƙasashen Daura da Kano.

4.0 Yulin 1899: Maijirgi da Tirmini

Ran 5 ga watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou da tafintansa Olive a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Wannan kisa shawarar fada ce, ba aikin taron jama'a ba, amma ya ba Faransa hujjar ɗaukar fansa. Rundunar da ta zo bayansa, ƙarƙashin Voulet da Chanoine, ta bar gawawwaki da toka a duk hanyar da ta bi, daga Lugu ta Sarauniya Mangu zuwa Birnin Ƙonni. Da labarin ta'asar ya isa Paris, aka turo Kanar Klobb ya karɓi ragamar rundunar, Voulet ya sa aka harbe shi ran 14 ga watan Yuli na 1899 a Dankori, kusa da Tasawa.

Abin da ya biyo baya yana da muhimmanci ga bincikenmu. Bisa ga rahoton hafsoshin da suka tsira, sojojin Afirka da ke cikin rundunar sun yi bore a yankin Maijirgi, suka kashe Chanoine ran 16 ga wata, suka kashe Voulet kashegari. Idan akwai boren da ke da sauƙin karewa ta fuskar adalci, to wannan ne, domin ya sauka daidai a kan mutum biyun da suka jagoranci kisan dubban bayin Allah, bai taɓa na gefe ba. Amma me ya canza? Laftana Pallier ya karɓi rundunar, waɗannan sojoji dai da suka yi boren suka ci gaba da tafiya gabas. A ƙarshen watan Yuli suka gamu da rundunar Kuran Daga a Tirmini, dawakin Damagaram suka kasa tsayawa gaban ruwan harsashi, aka shiga birni. A watan Satumba aka cim ma sarkin aka kashe shi.

Ke nan cikin mako biyu, a kan hanya ɗaya, tarihi ya nuna cewa halaccin bore da amfaninsa na siyasa abubuwa biyu ne daban. Sojojin Maijirgi sun kawar da azzalumai biyu, amma ba su da wata manufa da ta wuce wannan, saboda haka aikin da aka turo azzaluman su yi ya kammala a Tirmini. Daga ranar Tirmini kuma, babu sauran runduna, babu Kukawa, sarauta kanta ta koma hannun bariki. Abin da ya rage wa mai ƙorafi shi ne gudu, ko shiri a ɓoye, ko kuma, daga baya, titi.

5.0 Shekara ta 1906: hukunci kafin laifi

A farkon shekara ta 1906 hankalin Turawa ya tashi a duk ƙasar Hausa da maƙwabtanta. A yammacin Nijar an yi tawayen Kobkitanda ƙarƙashin Alfa Saibu. A watan Fabrairu mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka karya wata rundunar Ingila, suka kashe Turawa uku. A watan Maris aka dawo aka shafe garin, aka kashe mutum kimanin 2,000.

Cikin wannan yanayi ne hukumar Faransa a Damagaram ta ce ta gano wani shiri na hallaka Turawan bariki, ta zargi Sarki Amadu Ɗan Basa, wanda ita kanta ta naɗa bayan Tirmini, tare da attajiri Malam Yaro da wasu mutane. Masana tarihi sun yi saɓani kan ko shirin gaskiya ne ko kuwa makircin fada ne da Turawa suka yi amfani da shi. Abin da babu saɓani a kansa shi ne sakamakon: an tuɓe sarki, an kai shi Kwaddebuwa, an ɗora Ballama riƙo, Damagaram ba ta sake samun sarki daga gidan sarauta ba sai a shekara ta 1923, da aka naɗa Barma Mustafa.

Darasin 1906 shi ne cewa mai mulki yana iya cin ribar tashin hankali ko da bai auku ba. Tsoronsa kaɗai ya ishe shi hujjar ƙwace abin da ya daɗe yana so. Duk mai lissafin amfanin tarzoma dole ya sa wannan a cikin lissafinsa.

6.0 Inda aka sami canji

Za a iya cewa misalan da muka kawo na zamanin mulkin mallaka na farko ne, lokacin da bindiga ce kaɗai ke magana. Bari mu duba misalai uku na baya-bayan nan inda canji ya biyo bayan fitowar jama'a.

Na farko shi ne Kano, a watan Mayu na 1953. Bayan saɓanin da aka yi a majalisar Ikko kan neman mulkin kai a 1956, da ihun da aka yi wa wakilan Arewa, zuwan tawagar S. L. Akintola Kano ya tayar da faɗa na kwana huɗu tsakanin ƴan Arewa da ƴan Kudu a wajejen Fagge da Sabon Gari. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Nan da nan Ingila ta kira taron tsarin mulki a Landan, wanda ya haifar da tsarin tarayya na 1954. A nan dole mu yarda cewa tarzoma ta gaggauta canji. Sai dai jam'iyyu masu buƙatu a rubuce ne suka zauna teburin Landan, waɗanda suka mutu kuwa talakawa ne daga ɓangarorin biyu, kuma gabar da aka shuka ta sake tsirowa da muni a 1966.

Na biyu shi ne Yamai, ran 9 ga watan Fabrairu na 1990, lokacin da jami'an tsaro suka buɗe wa ɗaliban jami'a wuta a gadar Kenedi, hukuma ta amsa mutuwar uku. Wannan zanga-zanga ce, kuma jinin da aka zubar hukuma ce ta zubar da shi. Ƙungiyar ɗalibai ta USN da ƙungiyar ƙwadago ta USTN suka riƙe maganar da jerin gwano da yajin aiki, har Shugaba Ali Saibu ya amince da jam'iyyu da yawa a watan Nuwamba na wannan shekara. Ran 13 ga watan Mayu na 1991 mata suka fito neman kujerunsu a kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa. Taron ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba na 1991 ƙarƙashin jagorancin André Salifou, ɗan Damagaram, marubucin tarihin daular a ƙarni na 19. A 1993 wani ɗan Damagaram, Mahamane Usman, ya zama shugaban ƙasa ta hanyar zaɓe.

Na uku shi ne shekara ta 2005, da gwamnatin Tanja Mamadu ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari kan kayan masarufi irin su madara da garin alkama da ruwa da wutar lantarki. Gamayyar ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da tsadar rayuwa ta kira jerin gwano a watan Maris, sannan ta kira ranakun zaman gida, kasuwanni suka rufe a manyan garuruwa. An kama jagororin, amma a watan Afrilu gwamnati ta zauna da su, ta janye mafi yawan harajin.

Abin da ya haɗa 1990 da 2005 a fili yake. Akwai buƙata ɗaya da kowa zai iya faɗa cikin jumla guda. Akwai ƙungiyar da ke iya cewa a fito, ta kuma iya cewa a koma gida. Matsin kuma kan hukuma ya sauka, ita da ke da ikon biyan buƙatar.

7.0 Damagaram a 2011 da 2015

Ruwa ba ya tsami banza. Damagaram tana da ƙorafe-ƙorafe na gaskiya da suka daɗe. Ita ce babban birnin Nijar daga 1911 har zuwa 1926 da aka mayar da hedikwata Yamai, kuma tun daga lokacin mutanenta ke jin an bar su a baya. Ƙarancin ruwan sha tsohon ciwo ne a birnin. Samari marasa aikin yi sun taru cikin ƙungiyoyin unguwa da ake kira fale, waɗanda Aisha Maki ta nuna rayuwarsu a unguwar Kara-Kara cikin fim ɗinta mai suna Zinder na shekara ta 2021.

Ran 28 ga watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin birni, mai tace ganga 20,000 a rana. Jama'a sun sa ran man fetur zai yi arha kuma ƴaƴansu za su sami aiki, farashin da aka sanar kuwa bai yi musu daɗi ba. A farkon watan Disamba aka yi arangama tsakanin ƴan makaranta da ƴan sanda, wani ɗalibi ya mutu, kashegari harsashi ya sami wata mata, gari ya rikice da ƙone-ƙone. Gwamnati ta sauke wasu manyan jami'an ƴan sanda. Wannan sakamako ne, kuma yana nuna abin da tarzoma ta fi iyawa: takan tilasta wa hukuma ta waiwayo, ta sadaukar da wasu jami'anta don a huce. Amma maganar rabon arzikin mai da aikin yi, wadda ke buƙatar zama da lissafi da bibiya ta shekaru, ba ta sami mai riƙe ta ba bayan hayaƙi ya kwanta.

Ta 2015 ta fi wannan nauyi. Ran 7 ga watan Janairu aka kai hari ofishin jaridar Charlie Hebdo a Paris, aka kashe mutum 12. Ran 11 ga wata Shugaba Mahamadu Isufu ya shiga jerin gwanon shugabanni a Paris. Ran 14 ga wata jaridar ta sake buga zanen da Musulmi suka ɗauka cin mutuncin Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ɓacin ran da Musulmin Damagaram suka ji na gaskiya ne, kuma suna da cikakken haƙƙin nuna shi. Amma masu zanen suna Paris, shugaban da ake fushi da shi yana Yamai, waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada da gidaje kuwa maƙwabta ne da ba su zana kome ba, har ɗaruruwansu suka nemi mafaka a barikin soja. Littattafan da suka ƙone a ɗakin karatu ƴaƴan Damagaram ne ke karanta su. An bar jaki ana dukan taiki. A Yamai ƴan sanda sun ƙirga majami'u 45 da aka ƙona, aka kuma yi zaman makoki na kwana uku.

Ta fuskar siyasa babu abin da aka samu. An sake zaɓen Isufu a 2016, jaridar kuma ta sake buga zane-zanenta a 2020. Abin da ya cancanci a tuna daga wannan Juma'a shi ne Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a cikin gidajensu.

8.0 Ma'aunin halacci

Masanin tarihin Ingila E. P. Thompson ya nuna a shekara ta 1971 cewa masu tarzomar abinci a ƙasarsa a ƙarni na 18 suna da ƙa'ida: sau da yawa sukan tare hatsi, su sayar da shi kan farashin da suke ganin adalci ne, su miƙa wa mai shi kuɗinsa. Wato taron jama'a yana iya yin fushi ba tare da ya rasa hankali ba. Malamanmu na fiƙihu ma sun gindaya sharuɗɗa ga mai son kawar da ɓarna: kada kawar da ita ya jawo wadda ta fi ta, kuma kada a kama wani da laifin wani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya soki zaluncin sarakunan Hausa da harajinsu cikin Kitabul Farƙi, ya shafe shekara kusan talatin yana wa'azi, sannan ya yi hijira, kafin a kai ga yaƙi a 1804.

Idan muka haɗa waɗannan da misalanmu, tambayoyi uku suke fitowa. Shin an toshe sauran hanyoyin kai kuka? Shin dukan ya sauka kan mai laifi ko mai ikon gyara? Shin akwai wanda zai iya tsayar da abin idan ya wuce iyaka? Boren Maijirgi ya cika ta farko da ta biyu. Tashin 2011 yana da hujja kan kisan ɗalibi, amma ya rasa ta uku. Tarzomar 2015 ta faɗi a ta biyu da ta uku, kuma wannan faɗuwa ta isa ta hana a halatta ta, kome gaskiyar ɓacin ran da ya haife ta.

Wani zai kawo misalin 2023, da taron jama'a ya afka wa ofishin jakadancin Faransa a Yamai ran 30 ga watan Yuli, sojojin Faransa kuma suka bar ƙasar kafin ƙarshen shekara. Amma a nan mulki ya riga ya canza hannu ran 26 ga wata ta hanyar juyin mulkin soja, kuma masu riƙe da shi ne suka yanke shawarar korar. Taron ya ƙarfafa hannun hukuma ne, bai lanƙwasa shi ba.

9.0 Kammalawa

Mun bi tarihin Damagaram daga Tirmini zuwa 2015, mun ga cewa tarzoma alama ce ta toshewar hanyoyin kuka, kuma laifin toshewar yana wuyan masu mulki. Mun ga tana iya girgiza hukuma, ta sa a sauke jami'i ko a gaggauta taro, amma ba ta iya rubuta doka ko bin diddigin alkawari. Wannan aikin ƙungiyoyi ne masu suna da shugabanni, kamar yadda 1990 da 2005 suka nuna. Mun kuma ga, tun daga 1906, cewa mai mulki ya iya juya tashin hankali ya zama ribarsa.

Akwai aikin da ya rage wa masu bincike. Yawancin abin da aka rubuta kan Tirmini da 1906 daga takardun Turawa ya fito, na 2011 da 2015 kuwa daga rahoton hukuma da ƴan jarida. Ya kamata ɗalibanmu su je Tirmini da ƙauyukan kewayenta su naɗi abin da dattawa suka gada daga kakanninsu game da ranar yaƙin, su kuma zauna da samarin unguwannin birni da iyalan da aka ƙona wa gidaje, tun shaidun suna da rai.